Tsufa Da Ciwon Daji: Bashin Da Jiki Ke Tarawa Tun Ƙuruciya

A watan Yulin shekarar 2025 ne gwamnatin Nijeriya ta buɗe sabuwar cibiyar kula da masu ciwon daji a asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina, tare da wasu guda biyu, ɗaya a Jihar Inugu, ɗaya a birnin Benin na Jihar Edo. Labarin bai yi wani amo ba a kasuwanninmu na bakin iyaka, inda hira ta fi karkata ga canjin naira da sefa, da farashin buhun gero, da halin da ake ciki a duwan. To amma idan muka zauna muka yi lissafi, za mu ga labari ne da ya shafe mu kai tsaye. Daga Maraɗi zuwa Katsina tafiyar kimanin kilomita 100 ce, alhali kuwa zuwa Yamai, inda na'urar farko ta gasa ciwon daji a Nijar ta fara aiki a shekarar 2021, sai an share fiye da kilomita 600.

Tambayar da ya kamata mu yi a nan ita ce, me ya sa ƙasashen da har yau ba su gama da zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda ba suka shiga sayen irin waɗannan na'urori masu ɗan karen tsada? Babban dalili shi ne mun fara daɗewa a duniya. A shekarar 1960 da Nijar ta sami ƴancin kai, matsakaicin tsawon ran da ake sa wa jariri bai wuce shekara 36 ba, yanzu kuwa ya haura 60. Wannan abin murna ne. Sai dai masu iya magana sun ce kowa ya daɗe zai ga daɗau, kuma ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara ko kansa, yana cikin abubuwan da mai yawan rai kan gani.

Abin da alƙaluma suka nuna

A farkon watan Fabrairun 2024, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta bayyana cewa a shekarar 2022 an sami sababbin masu ciwon kimanin miliyan 20 a duniya, kuma mutum miliyan 9 da dubu 700 suka rasu. Ta yi hasashen cewa kafin shekarar 2050 adadin sababbin masu kamuwa zai wuce miliyan 35 a shekara, wato ƙarin kashi 77 cikin 100. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu kuwa, ƙarin zai kai kashi 142 cikin 100. Daga cikin manyan dalilan da cibiyar ta bayar akwai ƙaruwar jama'a da kuma ƙaruwar tsofaffi.

A Amurka, inda ake rubuta kusan duk wanda ya kamu, lissafin ya fito fili. Cikin kowane mutum dubu 100 da ba su kai shekara 20 ba, kimanin 25 ne ciwon ke kamawa a shekara. Daga shekara 45 zuwa 49, adadin ya kai wajen 350. Daga 60 zuwa sama kuwa ya wuce 1,000. Ke nan babu wani abu guda da ke ƙara haɗarin ciwon daji ga yawancin mutane kamar yawan shekaru.

A Nijar waɗanda suka wuce shekara 65 ba su kai mutum 3 cikin 100 ba, shi ya sa muke ganin kamar ciwon ba namu ba ne. Amma samarin da ke dakon kaya a Ɗan Isa da Jibiya da Illela da Maigatari a yau, su ne dattawan shekarar 2060, kuma suna da yawan da iyayensu ba su taɓa yi ba.

Yadda bashin ke taruwa

Domin mu fahimci alaƙar tsufa da wannan ciwo, sai mun leƙa cikin jiki. Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma kowace ƙwaya tana ɗauke da wani rubutu na gado wanda ke gaya mata aikinta, da lokacin da za ta rabu biyu, da lokacin da za ta tsaya. Duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu sai ta kwafi wannan rubutu, kamar yadda yaron shago ke kwafe lissafi daga tsohon littafi zuwa sabo. Komai kulawar yaro, wata rana sai ya tsallake layi ko ya sauya lamba. Yawancin kura-kuran ba sa cutarwa. Amma idan kuskure ya faɗa a layin da ke ce wa ƙwaya ta tsaya, aka sake yin wani a kansa, aka kuma, to sai ƙwayar ta yi ta hayayyafa ba birki. Wannan shi ne ciwon daji.

Masu bincike na cibiyar Sanger da ke kusa da Kambirij a Ingila sun ƙidaya waɗannan kura-kurai. A shekarar 2022 sun auna ƙwayoyin hanji na halittu masu shayarwa iri 16, suka tarar ƙwayar hanjin mutum tana tara kuskure kusan 47 a kowace shekara, ta ɓera kuwa kusan 800, wanda ya dace da gajeren ransa. Idan muka buga lissafi, dattijo mai shekara 60 yana da kuskure wajen 2,800 a ƙwaya guda. Tun a shekarar 2018 masanan wannan cibiya suka gano wani abin mamaki, cewa a jikin mutanen da ba su da ciwon komai, da zarar sun kai tsakiyar rayuwa, fiye da rabin fatar cikin hanyar da abinci ke bi zuwa ciki ta riga ta cika da ƙwayoyi masu irin kura-kuran da ake gani a ciwon daji. Ma'ana, kowanenmu yana yawo da irin ciwon a jikinsa, jiki ne ke danne shi.

To wannan dannewa ce ke raguwa da shekaru. Garkuwar jiki, wadda ke sintiri tana kashe ƙwayoyin da suka kauce hanya, takan yi sanyi. Bugu da ƙari, akwai tsofaffin ƙwayoyi da suka daina aiki amma suka ƙi mutuwa, suna zaune suna fitar da sinadaran da ke jawo kumburi, wanda ke gyara wa ciwon wurin zama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sai dai labarin bai miƙe haka ba har ƙarshe. An daɗe da lura cewa bayan shekara 80 zuwa 85 yawan sababbin masu kamuwa yakan fara sauka. A watan Disambar 2024, masana na cibiyar Memorial Sloan Kettering da ke birnin Niyok suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi da ɓeraye, inda suka ga tsofaffin ɓeraye ba sa kamuwa da ciwon dajin huhu kamar matasansu. Dalili shi ne ƙwayoyin huhun tsohon ɓera sun rasa ƙarfin hayayyafa, suna yi kamar sun rasa sinadarin ƙarfe, kuma ciwon daji ba ya tsira sai a inda ƙwaya ke da kuzarin rabuwa. Ɓera ba mutum ba ne, kuma bai kamata a yi gaggawar ɗora hukunci a kansa ba. Amma darasin da masanan suka fitar ya cancanci a tsaya a kansa: ɓarnar da aka yi wa jiki a ƙuruciya, lokacin da ƙwayoyi ke da ƙarfi, ta fi wadda aka yi a tsufa haɗari. Ciwon da ya bayyana a shekara 60, wataƙila an ci bashinsa ne tun a shekara 20, ko ma tun ana goye.

Namu bashin ba ya jiran furfura

A nan ne lissafinmu ya sha bamban da na Turai. Wani bincike da aka buga a shekarar 2017 a kan masu ciwon dajin hanta a asibitocin Afirka, ciki har da na Nijeriya da Gana da Kamaru, ya nuna cewa a Masar matsakaicin shekarun da ake gano ciwon 58 ne, a sauran ƙasashen kuwa 46. Shekara 46 ita ce lokacin da ɗan kasuwa ya kafu, ya sami jari, yara suna makaranta, ƙannai da yaran gida suna ci a ƙarƙashinsa.

Abubuwa biyu ke gaggauta mana wannan ciwo, kuma duka biyun mun san su. Na farko shi ne ciwon hanta nau'in B. Jaririn da ya ɗauke shi wajen haihuwa, sau 9 cikin 10 ciwon zai zauna masa har girma, yana cin hanta a ɓoye shekara 30 ko 40, alhali babban da ya ɗauka da girmansa yawanci jikinsa kan kore shi. Yakan kuma bi ta aska ko reza ko allura da aka yi wa mutum fiye da ɗaya aiki da ita, wajen kaciya ko tsaga ko aski.

Na biyu yana cikin sitonmu. Gyaɗa da masara da dawa idan aka ɗura su a buhu ba su gama bushewa ba, ko aka jibge su a ƙasa mai laima, sukan yi funfuna mai fitar da wata guba da ake kira afalatoksin. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta. Tana bin gyaɗa har cikin ƙuli-ƙuli, kuma idan aka ba saniya ruɓaɓɓen hatsi tana iya fitowa a nono. Masana sun kiyasta cewa mai ciwon hanta nau'in B da ke cin wannan guba, haɗarin ciwon dajin hanta gare shi na iya ninka na wanda ke cin gubar ba ya da ciwon har sau 30. A shekarar 2004 a Kenya, masara mai wannan guba ta kashe mutum 125 cikin ƴan watanni. Wannan ke nan idan gubar ta yi yawa a lokaci guda. Idan kaɗan-kaɗan ce, ba a ganin gawa a ranar, sai bayan shekaru.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Buhun da ya sha ruwa a kan hanya, wanda aka juye aka gauraya da mai kyau don kada a yi asara, da tsintar gyaɗar da aka ware aka sayar wa masu ƙuli da araha, duk a tukunyar wani suke ƙarewa, kuma sau da yawa tukunyar gidanmu ce. Busar da kaya sosai a kan tabarma ko tamfol, ɗora buhu a kan katako nesa da bango, da zubar da ƙwayar da ta yi baƙi ko ta yamutse, aiki ne na rigakafin ciwon daji da babu likitan da zai iya yi mana shi.

Rigakafin da aka tabbatar

Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B ita ce allura ta farko da aka tabbatar tana hana wani nau'in ciwon daji. Taiwan ta fara yi wa jarirai ita a shekarar 1984, kuma kafin shekara 15 ciwon dajin hanta ya ragu ƙwarai a tsakanin yaran ƙasar. A nan yammacin Afirka, Gambiya ta fara nata shirin a 1986. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi wa jariri ta farko cikin sa'o'i 24 da haihuwa. Mu da haihuwar gida ta yi yawa a cikinmu, nauyi ne a kan maigida ya tabbatar an kai jariri asibiti a ranar, kada a jira har bayan suna. Manya kuma akwai gwajin jini mai sauƙi, kuma wanda aka samu da ciwon akwai ƙwayoyin da ke danne shi.

Ga mata, ciwon dajin bakin mahaifa yana tasowa ne daga wata ƙwayar cuta mai suna HPV, wadda kan shiga tun a ƙuruciya, ciwon kuma ya bayyana bayan shekara 15 ko 20. Nijeriya ta sa allurarsa cikin rigakafin yau da kullum a watan Oktoban 2023, ga ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14. Wani bincike da aka yi a Suwidin, aka buga a 2020, ya nuna waɗanda aka yi wa allurar kafin shekara 17 haɗarin ciwon ya ragu musu da kusan kashi 88 cikin 100. Matan da suka wuce wannan shekaru, shawarar hukumar ita ce a duba su aƙalla sau biyu, a shekara 35 da kuma 45.

Haka nan tsargiya, wadda yaranmu ke ɗauka a tafki har wasu ke ganin fitsarin jini alamar girma ce, idan ta daɗe ba magani tana iya zama sanadin ciwon dajin mafitsara a gaba. Maganinta kuwa ƴan ƙwayoyi ne.

Kada dattijo ya ce shi lokacinsa ya wuce. Wasu masana a Ingila sun bi rayuwar likitocin ƙasar na tsawon shekara 50, suka buga sakamako a 2004. Mai shan taba yana asarar kimanin shekara 10 na rayuwarsa. Wanda ya bari yana ɗan 30 ya ceto kusan dukansu, ɗan 40 ya ceto 9, ɗan 50 ya ceto 6, har ɗan 60 ma ya ceto 3. Wane ɗan kasuwa ne zai ƙi karɓar wani abu daga bashin da ya ɗauka ya mutu?

"Ai tsufa ne"

Mu da ke aikin rediyo muna yawan jin wannan kalma, a kasuwa da cikin gidaje. Dattijo ya rame, abinci ya fita ransa, sai a ce tsufa ne. Yana tashi fitsari sau biyar a dare, ko fitsarin ba ya fita sai da yunƙuri, tsufa ne. Gyatuma ta ga jini bayan al'ada ta daɗe da ɗauke mata, ko ta ji ƙullutu a mama, ta yi shiru don kunyar ƴaƴa da surukai. Kafin a yarda a nufi asibiti an zagaya masu magani an ƙarar da wata shida, ciwon ya bazu.

A ƙarƙashin mafitsarar namiji akwai wani ɗan nama da likitoci ke kira furosteti, wanda kan ƙara girma da shekaru. Yawancin dattawan da fitsari ke ba wahala kumburi ne kawai ba ciwon daji ba, amma babu mai iya bambancewa sai da gwaji, wanda kan fara da ɗibar jini. Ciwon dajin wannan wuri shi ne ya fi kama maza a Nijeriya, kuma ya fi kama baƙar fata. A Ingila lissafi ya nuna baƙin mutum 1 cikin 4 zai gamu da shi a rayuwarsa, alhali ga sauran jama'a 1 ne cikin 8. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya yi hasashe a 2024 cewa masu kamuwa a duniya za su tashi daga miliyan 1 da dubu 400 a 2020 zuwa miliyan 2 da dubu 900 a 2040. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk wanda ya haura 50, musamman idan mahaifinsa ko ɗan uwansa ya yi ciwon, ya kamata ya tuntuɓi likita.

Ana yi wa tsoho magani?

Kalmar "tsufa ne" tana da wata illa ta biyu. Bayan an gano ciwon, sai ƴaƴa su taru su ce Baba ba zai iya ɗaukar magani ba, a mai da shi gida. Wani lokaci kuma akasin haka ake yi, a matsa a ɗura wa raunanan tsoho magani mai ƙarfi irin na saurayi har maganin ya kayar da shi kafin ciwon.

Su kansu likitoci sun daɗe cikin duhu a kan wannan, domin ba a cika sa tsofaffi cikin gwajin sababbin magunguna ba. Wani nazari na 1999 a Amurka ya nuna waɗanda suka kai 65 su ne kashi 63 cikin 100 na masu ciwon, amma kashi 25 ne kacal na waɗanda aka gwada magani a kansu. Yanzu abin ya fara sauyawa. A shekarar 2021 an buga sakamakon wani gwaji a Amurka da ya ƙunshi majinyata 718 masu shekara 70 zuwa sama. Inda likita ya fara auna ƙarfin tsohon, wato tafiyarsa, da cin abincinsa, da tunaninsa, da sauran cututtukansa, da magungunan da yake sha, da mai kula da shi a gida, kafin ya tsara magani, kashi 51 cikin 100 ne suka sha mummunar wahalar magani. Inda ba a yi haka ba, kashi 71 ne. Kuma tsawon ran ɓangarorin biyu bai bambanta ba. A wannan shekarar dai, wani gwaji a Ingila a kan raunanan tsofaffi masu ciwon dajin ciki ya nuna rage maganin zuwa kashi 60 cikin 100 ya riƙe ciwon kusan daidai da cikakkensa, da ƙarancin wahala.

Abin da wannan ke nufi shi ne, ƙarfin jiki ake dubawa, ba yawan shekaru ba. Mu ma mun sani, akwai ɗan 75 da ke zuwa kasuwar Ƙonni a kan babur ɗinsa kowane mako, akwai ɗan 60 da hawan jini da ciwon suga suka zaunar. Idan aka kai dattijo asibiti, a tafi da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya, a gaya wa likita gaskiyar abin da yake iya yi da kansa, kuma a bar shi ya faɗi abin da yake so da bakinsa.

Abin da ya rage

Na'ura a Katsina ko a Yamai ba ta isa ita kaɗai ba. Gashin ciwon daji yawanci kwana biyar ake yi a mako, makonni da dama a jere, kuma yankewa a tsakiya na rage amfaninsa. Mun ga yadda rufe iyaka daga tsakiyar 2023 zuwa watan Maris na 2024 ya tsai da kaya da mutane. Ya kamata hukumomin ƙasashen biyu su yi tsarin da zai bar majinyaci mai takardar asibiti ya wuce ko da siyasa ta yi zafi, su kuma kai gwajin hanta da na bakin mahaifa ƙananan asibitocin garuruwan kasuwa, inda jama'a ke taruwa kowane mako.

Ƙungiyoyin ƴan kasuwa ma suna da abin yi. Mun saba da adashe, mun saba haɗa kuɗi idan gobara ta ci rumfar ɗan uwa ko an kama masa kaya. Ba abin wuya ba ne a gayyato ma'aikatan lafiya ranar kasuwa sau ɗaya a shekara, ko shugabannin masu hatsi su yarda a tsakaninsu cewa buhun da ya yi funfuna ba zai hau sikeli ba.

Ba mu da iko a kan shekaru, kuma ba kowane ciwon daji ne ake iya kauce masa ba. Amma allurar jariri a ranar haihuwa, da katakon da ke ƙarƙashin buhu, da karan tabar da aka ajiye, da saurin kai Baba asibiti, duk suna hannunmu. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa bashin da ba a duba littafinsa ba shi ne ke cin jari.